Yadda Za Ka Ajiye Taki, Maganin Feshi, Mai da Magunguna Kada Su Lalace

Tambayoyin da manoma da masu shago ke ta turo mini daga wajajen Kura, Bunkure, Ringim da Auyo kusan iri ɗaya ne. Wani ya ce ya zuba yuriya amma masara ba ta amsa ba. Wani ya ce maganin ƙwarin da ya kashe tsutsa bara, bana ko gezau. Wata uwargida ta ce man gyaɗarta ya fara maƙaƙi tun bai yi wata biyu ba. Mafi yawansu hukunci ɗaya suke yankewa: "Malam, kayan jabu ne." Jabu dai akwai shi a kasuwa, ba musu. Amma sau da yawa kayan na gaske ne, a hannunmu suke mutuwa.

Kowane sinadari an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atom, waɗanda ke ɗaure da juna. Wani ɗaurin ƙaƙƙarfa ne, wani mai rauni. Atom biyu na naitirojin da ke cikin iskar da muke shaƙa, ɗauri uku ne tsakaninsu, kuma sai an kashe ƙarfi mai yawan gaske kafin a raba su. Shi ya sa iskar ke cike da naitirojin, kusan kashi 78 cikin ɗari, amma masararka ba ta iya cin ko kaɗan daga ciki. Ɗaurin da ke tsakanin oksijin da oksijin a ruwan wanke ciwo mai kumfa kuwa mai rauni ne ƙwarai, hasken rana kawai ya isa ya tsinka shi. Saboda haka kowane kaya yana da maƙiyinsa: wani ruwa, wani iska, wani haske, wani kanwa da toka. Zafi kuma maƙiyin kowa ne. Ga yadda ake bi.

1. Tanadi kayan aiki

Ma'aunin zafi na rataye a bango, takardar gwajin ruwa mai nuna tsami ko kanwa, katako ko bulo na ɗora buhuna, alƙalamin maka, bokitin roba guda da ba a komai da shi sai haɗa magani, safar hannu ta roba, da yadi mai tsabta na tacewa. Ma'aunin zafi da takardar gwaji sai an shiga birni, wajen masu sayar da kayan asibiti da na makarantu. Sauran duk ana samu a kasuwar ƙauye. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kama ƙafar kuɗin buhun taki ɗaya ba, kuma in kun haɗu ku huɗu ko biyar, fakitin takardar gwaji ɗaya zai ishe ku damina guda.

2. Karanta sunan sinadarin, ba sunan kamfani ba

Babban sunan da ke gaban kwalba na talla ne. Juya ta, ka nemi ƙaramin rubutun da ke faɗin abin da ke aiki a ciki: glyphosate, dichlorvos, chlorpyrifos, cypermethrin, lambda-cyhalothrin, mancozeb. Kwalabe biyar masu suna daban-daban na iya zama abu ɗaya a ciki. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Sannan ka ɗauki maka ka rubuta ranar da ka saya, in ka buɗe kuma ka ƙara ranar buɗewa.

Gargaɗi: ranar ƙarewar aikin da kamfani ya buga, ya buga ta ne bisa sharaɗin cewa kayan na rufe, a inuwa. Kwalbar da ta sha ranar kasuwa a kan tabarma mako bayan mako, tana iya mutuwa tun ranar ba ta zo ba. In ka ga takardar jikinta ta koɗe, bar wa mai ita kayansa. Haka kuma wanda aka ɗura maka a robar ruwa ba suna ba lamba.

3. Auna zafin inda kake ajiya

Rataye ma'aunin a daidai inda kayan suke, ba a bakin ƙofa ba, ka duba shi tsakanin azahar da la'asar. A Afrilu da Mayu zafin Kano da Jigawa yana haura digiri 40 a inuwa, shagon kwano marar silin kuwa ya fi haka. Ƙa'idar da masana ke aiki da ita ita ce, yawancin sinadarai saurin lalacewarsu kan ninka sau biyu duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Abin da aka ce a ajiye ƙasa da digiri 30, in ya zauna a 40, ana iya cewa rabin kwanansa zai yi. A 50 kuwa kwata.

Ɗakin ƙasa mai rufin soro ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba. In kwanon ne ya zama dole, sa masa silin ko da na zana ne, ka buɗe kafar iska ta sama, ka sauko da kaya daga kantar da ke kusa da rufi. Ɗakin ya zama mai kulle, kuma kada abinci ko iri su kwana tare da guba.

4. Yuriya: ajiya da zubawa

A nan aka fi tafka asara, don haka zan ɗan tsaya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato kashi 46 cikin ɗari. Gininta kabon ɗaya ne a tsakiya, riƙe da oksijin ɗaya da naitirojin biyu. Muddin a bushe take, wannan ginin ba ya motsi, za ta shekara lafiya. Amma tana jan laima daga iska sosai, musamman a Agusta.

Ɗora buhunan a kan katako, ka bar tazara tsakaninsu da bango, kada tulin ya wuce kafaɗarka don nauyi ma na sa ta dunƙule. Buhun da ka farke, murɗe ledar ciki ka ɗaure tam a ranar. Kada ka bar buhu a rana: zaren buhun roba ne da hasken rana ke tsinka ɗaurinsa, shi ya sa tsohon buhun da ya sha rana ke zama gari in ka murza shi. In ka tarar yuriyar ta dunƙule kamar dutse, kada ka zubar. Naitirojin ɗinta na nan, daka ta ka yi amfani da ita.

Wajen zubawa ne labari ke canzawa. A cikin ƙasa akwai wani sinadari da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, ana kiran sa yuriyes. Da zarar yuriya ta jiƙa ta haɗu da shi, sai ya raba kabon da naitirojin, a samu iskar amoniya. A ƙasa mai ɗumi da danshi, cikin kwanaki kaɗan aikin ke ƙarewa. In yuriyar na binne, ƙasa ce za ta kama amoniyar ta riƙe wa shuka. In a sama take, iska ta kwashe. Asarar na iya kaiwa kashi ɗaya bisa uku, har ma ta wuce. Ka lissafa da kanka: a buhu uku, ɗaya ka sayo wa iska.

Yadda ake yi: jira ƙasa ta yi danshi, ba caɓi ba. Soka tsinke ko sanda kamar tsawon ɗan yatsa nesa da gindin shuka, zurfin santimita 5 ko fiye kaɗan, zuba, ka tura ƙasa da ƙafa ka rufe. Da safe ko da yamma ya fi. Masu shinkafa a Kadawa da kwarin Haɗeja su rage ruwan fangali kafin su zuba, don yuriyar da aka watsa cikin ruwa mai zurfi da rana tsaka asararta ta fi yawa. Mai samun dunƙulalliyar yuriya ta cusawa a laka, ita ce ta fi.

Gargaɗi: kada ka gauraya yuriya da toka ko farar ƙasa da sunan ƙara mata ƙarfi. Duk abu mai kanwa-kanwa yana hanzarta tashin amoniya. In ka ji wari mai hawa hanci, kuɗinka ne ke tashi. Kada kuma ka gauraya ta da sufa ka ajiye, za su yi gumi su koma kunu.

5. Gwada ruwan feshi kafin ka haɗa magani

Mutane kan zargi magani, alhali ruwan ne mai laifi. Magungunan ƙwari irin su dichlorvos, chlorpyrifos da cypermethrin duk suna da wata gaɓa a gininsu da ake kira esta, inda oksijin ke haɗa ɓangarori biyu na sinadarin. Ruwa na iya yanke wannan gaɓar, amma a hankali. In ruwan na da kanwa-kanwa, sai yankan ya yi sauri, kuma ɓangarorin da suka rabu ba sa kashe ƙwari.

Tsoma takardar gwaji a ruwan da za ka yi feshi da shi. Lamba 7 ce tsaka-tsaki. Daga 5 zuwa 7 ya yi wa yawancin magunguna daidai. In ka ga 8 ko sama, nemi wani ruwan, ruwan saman da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi kowanne. In babu takarda, ɗiga ruwan zoɓo kaɗan a kofin ruwan: in ja ko ruwan hoda ya tsaya, da sauƙi, in ya rikiɗe zuwa shuɗi-shuɗi ko kore, kanwar ta yi yawa. Launin zoɓo kansa sinadari ne da gininsa ke sauyawa bisa tsami ko kanwa, duk wadda ta taɓa jefa kanwa a zoɓo ta ga haka. Gwajin zoɓon dai na ƙiyasi ne, sai matsalar ta yi tsanani yake nunawa.

Glyphosate, maganin ciyawa, tasa matsalar daban ce. Gininsa yana da hannuwa masu kama ƙarfe da laka. In ka haɗa shi da ruwan kududdufi mai ja, zai manne wa lakar tun a cikin tanki, ya isa ganye ba shi da sauran ƙarfi. Bar ruwan ya kwanta, ka tsiyaye na sama, ka tace da yadi. Kada ka sa alif don ya kwanta, alminiyon da ke cikin alif ma kama shi yake yi. Kada kuma ka haɗa shi a bokitin ƙarfe mai farin shafe, suna cin juna har su fitar da iska mai kama wuta. Roba kawai.

Tsarin haɗawa: cika tankin rabi da ruwa. In akwai na gari kamar mancozeb, dama shi a ɗan ruwa daban ka fara zuba shi. Sannan na ruwa. Cika, ka girgiza. Maganin ruwa mai mai-mai in lafiyarsa ƙalau, da ya taɓa ruwa zai yi fari kamar madara ko'ina. In ka ga mai ya taso sama ko ya yi gudaji, ya riga ya lalace.

Gargaɗi: abin da ka haɗa, ka fesa shi a ranar. Tankin da ya kwana, maganinsa ya kwana yana mutuwa. Kada ka zuba omo ko sabulu wai don ya kama ganye, su ma kanwa ce. Kada kuma ka matsa lemun tsami da ka don gyara ruwa, maganin da ke da tagulla a ciki yana ƙona ganye in ruwan ya yi tsami. Tambayi malamin gona na KNARDA ko JARDA, hukumomin aikin gona na Kano da Jigawa, tukuna.

6. Ƙwayar bom ta hatsi

Wannan an gina ta ne da gangan don ta lalace. Alminiyon ne ɗaure da fosfaras, ɗaurin da laimar iska kawai ke tsinkawa. Ƙwaya mai giram 3 tana sakin kimanin giram 1 na iskar fosfin, wadda ke kashe ƙwari, ke kuma kashe mutum, kuma ba ta da makari.

Buɗe gwangwanin a waje, iska na bayanka, da busasshen hannu cikin safa. Naɗe ƙwayar a takarda ko ƙyalle don tokarta kada ta shiga hatsi. Sa ta a mazubin da iska ba ta fita, a ɗakin da ba kowa ke kwana ciki ko jikinsa ba, ka bar shi rufe aƙalla mako guda, sannan a buɗe ya sha iska sosai. Rufe gwangwanin nan take.

Gargaɗi: kada ruwa ya taɓa ta, tana iya kama wuta da kanta. In an ji wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi a ɗaki, kowa ya fita. Mai ciwon kai, amai ko matsewar ƙirji a kai shi asibiti, ba a tsaya ba shi madara ko manja ba.

A ganina, mai ajiyar gida bai da dalilin taɓa wannan abin. Buhun PICS mai leda biyu da buhu a waje yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba guba ko ɗigo. Ya fi buhun gama-gari tsada, amma ana maimaita shi in ledar ba ta huje ba. Zuba dichlorvos kai tsaye a wake kuwa, shi ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Su sun ƙi ci, mu ne ke cinyewa.

7. Man gyaɗa da 'yan'uwansa

Mai dogayen sarƙoƙi ne na kabon. A man shanu, yawancin sarƙoƙin ɗauri ɗaya-ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, miƙaƙƙu, shi ya sa yake daskarewa kuma yake jure iska. A man gyaɗa akwai wuraren da ɗaurin ya zama biyu, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na sarƙoƙinsa suna da irin wannan wuri har biyu. Haidirojin da ke maƙwabtaka da ɗauri biyun riƙonsa sako-sako ne, nan oksijin ke shiga. Abin da ya fi muni, sarƙar da ta lalace ita ke lalata ta kusa da ita, haka abin ke yaɗuwa. Wannan ne maƙaƙin da kike ji a maƙogwaro.

Don haka, uwargida, bayan kin matse, ki ɗora man a wuta mai sauƙi har ya daina tsartsatsi, alamar ruwan cikinsa ya ƙone. Ki bar shi ya huce, ya kwanta, ki tace tunkuzar da ta rage. Jarkar ta bushe ƙarƙaf. Ki cika ta har wuya, don iskar da ke saman man ita ce ke cin sa. Na amfanin yau da kullum ki ɗiba a ƙaramar kwalba, babbar ta zauna rufe a duhu.

Gargaɗi: kada a zuba sabon mai a kan ragowar tsoho, tsohon zai harbi sabon. Gwangwani mai tsatsa da ludayin tagulla suna hanzarta lalacewa. Masu jera kwalaben mai a bakin titi don rana ta haska su a ga kyau, suna rage masa kwana. Manja ma in ya sha rana jansa na koɗewa, kuma jan nan shi ne jiki ke juyawa zuwa bitamin A. Man riɗi ne ya fita daban: yana da ɗauri biyu-biyu da yawa amma yana daɗewa, saboda ya zo da nasa sinadaran kariya.

8. Maganin mutane a gida da kemis

Amoxicillin, wanda ake yawan ba yara, yana da zobe mai kusurwa huɗu a tsakiyar gininsa. Kabon ya fi son ɗaurinsa ya buɗe zuwa kusurwa mai digiri 109 da rabi, amma a zoben nan an matse shi zuwa kusan 90, kamar ɗanyar sanda da aka lanƙwasa da ƙarfi tana jiran a sake ta. Wannan matsin ne ke sa ya kashe ƙwayar cuta, shi ne kuma ke sa ruwa ya ɓalle zoben. Dalilin da ya sa ake sayar da shi gari a kwalba ke nan. Haɗa shi da tafasasshen ruwan da ya huce, zuwa layin da aka zana, ka rubuta ranar. Kwanakinsa na jikin kwalbar, yawanci mako ɗaya zuwa biyu. In sun cika a zubar, ba a ajiye wa ƙanensa ba.

Inda babu firij, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana rage zafi, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ta fi aiki a bazara lokacin da iska ke bushe. Sai dai cikinta akwai laima, don haka kwalbar ta kasance a rufe cikin leda, kuma ƙwayoyi ba sa shiga ciki. Allurar da aka rubuta digiri 2 zuwa 8 a jikinta, tukunya ba ta isar mata.

Asfirin ma esta ce. In ka buɗe robarsa ka ji tsami mai hawa hanci, laima ta raba shi. Kada a ɓare ƙwayoyi daga katinsu sai za a sha.

9. Bilic da garin kulorin

Ɗaurin kulorin da oksijin mai rauni ne, shi ya sa bilic ke kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa kuma ƙarfinsa ke raguwa wata bayan wata. Sayi ƙaramar roba, ajiye a duhu, in ka sirka da ruwa ka yi amfani da shi a ranar. Wannan ya fi muhimmanci a damina lokacin amai da gudawa.

Gargaɗi: kada ka haɗa shi da ruwan batir ko maganin wanke masai mai asid, iskar kulorin ce za ta tashi. Garin kulorin na rijiya kuma ya yi nesa da fetur, baƙin mai da taki, haɗuwarsu na tada gobara.

10. Abin da ya ƙi lalacewa, da yadda za ka yi da kwalabe

Daɗewa ba kullum ne alheri ba. Dattawa sun san gamalin, kuma har yau wasu na yabonsa wai shi ne magani mai ƙarfi. Gininsa zoben kabon shida ne, kowanne riƙe da kulorin, ba gaɓar esta da ruwa zai yanke. Yana daɗewa a ƙasa, ya shiga kifi, ya taru a kitsen jiki har da nonon uwa. A 2009 aka sa shi cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta hana. In ka gan shi a kasuwa, ko wani magani da ake tallarsa da cewa feshi ɗaya ya isa shekara, ka wuce.

Kwalbar da ta ƙare, zuba mata ruwa kwata, rufe, girgiza, ka juye a tankin feshi. Yi haka sau uku. Sannan ka huda gindinta da ƙusa don kada wani ya tsinta ya zuba mai ko fura, roba na shan magani kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Kada ka ƙona ta a murhu ko kusa da gida. Maganin da ya lalace kada a tuttular da shi a magudanar ruwan noman rani, ko kusa da rijiya. Bar shi a kwalbarsa ta asali, ka zana masa alama da maka, ka kulle shi daban har malamin gona ya zo ya faɗa maka inda ake kaiwa.